Na sayi ɗamarar hawa sama a kasuwar Garwa, ga abinda na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin sama, musamman mu masu ɗora sola da eriya a kan benaye da tankunan ruwa. Wata biyu kenan da na sayi ɗamarar jiki, wadda masu Faransanci ke ce ma harne, a wani shagon kayan gini cikin babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, na ce bari in ɗan mora ta tukuna kafin in zo in faɗi albarkacin bakina.

Ɗamarar dai ba laifi wallahi. Ta duk jiki ce, tana kama cinyoyi da kafaɗu da ƙirji, ga zoben ƙarfe ta baya tsakanin kafaɗu inda ake maƙala igiya. Na duba ƙyallen da aka ɗinka a ciki akwai EN 361 da shekarar da aka yi ta, lambar Turai kenan ta ɗamarar da ke tare mutum in ya faɗo. Ƙugiyoyin ma masu kulle ne sai ka murɗa suke buɗewa, an buga 25 kN a jikinsu, wajen tan biyu da rabi kenan. Kuɗinta bai kai rabin na ɗamarar kamfanin Petzl na Faransa da abokina ya sayo daga Duwala ba. Aibunta zafi, kun san Garwa a watan Afrilu rana na wuce digiri 40, madaurin cinya ya goge min fata har ta yi ja sai da na koma sa wando mai kauri.

Inda raina ya ɓaci wajen igiya ne. Alhaji mai shagon mutumin kirki ne, har ruwan sanyi ya sa aka kawo min, amma da na ce igiya sai ya jawo min shuɗiyar igiyar roba irin ta ɗaure kaya a mota, ya ce ɗana ai wannan ko bijimi ta riƙe. Na ce Baba, bijimi a ƙasa yake tsaye, ni kuma faɗowa zan yi, fizgar da igiya ke sha in mutum ya faɗo ta ninka nauyinsa sau da yawa. Gashi irin wannan robar rana na cinta, zakaga waje lafiya lau amma kana murza ta sai gari ya zubo a hannunka, ƙulli kuma na rage ma igiya ƙarfi kusan kashi ɗaya cikin uku, bakin kwanon rufi ga kaifi kamar aska. Igiyar hawa ta gaskiya tana da zare a ciki da riga a waje, kaurin milimita 10.5 ko 11, lambarta EN 1891. Babu ita a shagon, kuma abinda ya dame ni mutum nawa ya sayar ma wannan shuɗiyar da zuciya ɗaya suka hau da ita?

Amma ainihin abinda ya sa na zauna rubutun nan ba shi ba ne. Ranar wata Laraba ina kan ƙarfen tankin ruwa a wani gida kusa da kogin Binuwai ƙafata ta zame, ɗamarar ta tare ni alhamdulillahi, sai dai na tsinci kaina ina reto a iska, hannu bai kai ƙarfe ba ƙafa ba ta kai komai ba, ga ƙanina na aike shi sayen ƙusa. Ban ji ciwo ko ɗaya ba amma cikin 'yan mintuna ƙafafuna suka mutu, gumi mai sanyi ya keto min, zuciya na tashi, idona ya fara ganin duhu duhu. Allah ya kawo yaron da wuri, ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya yana cewa yaya riƙe, yaya ga tsani.

Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya yi min bayani, in mutum na rataye ba motsi jini na taruwa a ƙafafu ya kasa komawa zuciya, sai suma, kuma wanda ya suma a rataye ba ya faɗuwa kwance balle jinin ya dawo kai, haka ake rasa rai cikin ƙasa da rabin awa. Maganinta ka riƙa motsa ƙafa kamar mai tuƙa keke, ka kuma rataya ɗan madauri a ƙugu wanda zaka zura ƙafa ka miƙe a kai. Wannan ɗamarar ba ta zo da shi ba, sai da na ɗinka nawa.

Masu shiga rijiya da igiya a ciki ko ƙarƙashin hammata dan Allah ku daina, tana matse numfashi tana danne jijiyar hannu, hannu ya mutu makonni. Kuma kar wanda ya rataya a ɗamara shi kaɗai ko da wasa, ko a tsakar gidansa ne.

Zan koma wajen Alhaji in sai ma ƙanina irin ɗamarar, igiya kuwa na riga na ba abokina sautu daga Duwala.