Gaskit ɗin Magazin da malaman gyaran mota na YouTube: abin da na gani a Corolla ta

Idan motarka ta ƙona gaskit ɗin top silinda, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin top da jikin injin, kallon masu gyara a YouTube zai amfane ka, amma amfanin ya tsaya ne a bakin shagon mai kayan gyara, irin na Suame Magazin, unguwar gareji da kayan mota a nan Kumasi. Daga nan sai idonka da amanar wanda ka tarar. Wannan shi ne ra'ayina bayan an buɗe injin Corolla ta, ƙirar 2006 mai injin 1ZZ-FE, an sa mata gaskit mai araha ya ba da kunya, aka sake buɗewa aka sa wani.

Tashoshin da na fi zama a kansu uku ne, duka na Amurka. ChrisFix ya iya koyarwa, hannunsa kawai kake gani, yana bin aiki daki-daki kamar mai koyar da ɗan koyo. South Main Auto, wani gareji a jihar New York, shi ne gwanin bin diddigin cuta kafin a kwance ko noti ɗaya. Amma mai Toyota, The Car Care Nut ya fi dacewa da shi, don mutumin ya daɗe yana aiki a kan Toyota kafin ya buɗe garejinsa a yankin Chicago. Akwai kuma masu ihu da manyan kanun magana, yau wannan mota shara ce, gobe ita ce sarauniya. Waɗannan ɓarnar data ne.

Babban abin da na tsinta shi ne yadda ake tabbatar da cewa gaskit ne ya tafi. A nan da mota ta yi oba-hitin sai a ce a buɗe top. Alhali akwai gwaji mai sauƙi: wani ruwa shuɗi a cikin ƴar kwalba da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin injin yana kutsawa cikin ruwan sanyaya sai ya koma rawaya. Sai sauran alamomi: kumfa na tasowa a lagireto, farin hayaƙi a salansa ko injin ya ɗumama, tiyo ya yi tauri tun da sanyin safiya, ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kalar shayi mai madara. Tawa kumfar ta fara nunawa, ruwa kuma kullum sai an ƙara ba tare da an ga inda yake zuba ba.

Inda bidiyon ba ya kai ka shi ne Suame Magazin. Ba'amurke zai ce ka sayi na Toyota, ko na kamfani sananne irin su Fel-Pro, ya danna waya a kawo masa har ƙofa, kuma abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Mu kuwa ko a Magazin ko a Abossey Okai ta Akra, mai shago zai jero maka kala uku a kan kanta, ya tambaye ka nawa ka riƙo. Kwali ba shaida ba ne. Na ga mai tambari da hatimi mai ƙyalli, abin da ke ciki ko hannu ya san ba shi ba ne.

Na farkon da aka sa min irin wannan ne, ba shi da sunan da za ka iya bi. Ya yi ƴan watanni lafiya, har na fara yabonsa a majalisa a Aboabo, sai wata rana a cunkoson Kejetia allurar zafin injin ta fara hawa. Da aka ciro shi na ajiye shi gefe da sabon a kan benci. Injin nan daga masana'anta da gaskit na ƙarfe yake zuwa, faranti sirara a haɗe, da tudu ɗan ƙarami zagaye da kowane ramin silinda, wanda shi ke danne wuta idan an ɗaure. Mai arahar kuwa wani abu ne mai laushi da aka naɗa wa zoben ƙarfe. Tsakanin silinda ta biyu da ta uku, inda naman ya fi siranta, zoben ya tsage, baƙin tabon hayaƙi ya ja layi har ramin ruwa. Na sa farce a gefensa, ya ɓarɓashe. Wani ramin mai ma bai zauna daidai da na injin ba, ya rufe gefensa kaɗan.

Na biyun Victor Reinz ne, na kamfanin Jamus, kuma na biya kusan ninki uku. Na Toyota ya fi shi tsada, shi ma samun na gaskiyar aiki ne. Wannan da ka ɗaga za ka ji ƙarfe ne, baƙin shafin da ke kansa sumul, ramukan sun faɗa kan na injin ɗaya bayan ɗaya. Elring da Ajusa ma ana yabonsu, amma abin da na gwada shi nake ba da shaida a kai. Tun da aka sa shi na je Tamale na dawo da zafin rana, da mutane da kaya, ruwa bai ragu ba.

Sai dai zan yi wa gaskit adalci, rabin zagin da yake sha ba nasa ba ne, kuma a nan ne bidiyo ya biya kuɗin datarsa. Top ɗin 1ZZ alminiyom ne, in ya sha zafi yana lanƙwasa, kuma littafin Toyota bai yarda lanƙwasar ta wuce milimita 0.05 ba. Ido ba ya ganin wannan, sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe an zura sirarin ma'auni a ƙarƙashi. In an kai wa masu injin gogewa, dole fuskar ta fito da santsi, don gaskit na ƙarfe ba ya yafe kaushi. Ba a kuma shafa masa gam, duk da yaran gareji hannunsu ƙaiƙayi yake in ba su matsa silikon ba.

Ga kuma ɗauri. Notuna goma ne, ana farawa daga tsakiya a yi waje, a kai kowanne 49 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, sannan a ɗiga masa fenti a ƙara juya shi digiri 90. A kula, Amurkawa da nasu ma'aunin suke magana, za ka ji sun ce 36, abu ɗaya ne. Wanda ya saita sifanar awo a 36 Nm ya bar injin sako-sako. Notunan kuma miƙewa suke idan an ɗaure, shi ya sa na sayi sababbi.

Mastan da ya yi min aiki na biyu dattijo ne, ya girmi injin nesa ba kusa ba. Da na miƙa masa waya ya kalla, sai ya ce, "Alhaji, hannun nan ya ɗaure top tun ba a haifi mai bidiyon ba." Na ce, "Baba, ban musa ba, amma don Allah a aro sifanar awo." Ya yi tsaki, ya aiki yaro layin baya ya karɓo. Da ya ji ta yi ƙas a noti na farko sai ya ce ashe da sauran juyi, ya ci gaba bai ƙara cewa komai ba. Shi ma ya nuna min abin da babu a bidiyo: ya ɗora sabon gaskit a kan tsohon ya ɗaga su ga haske, rami da rami, tun kafin a yaga rasit. Ya ce in mai shago ya ƙi a buɗe leda a gabansa, in kama gabana.

Inda muka rabu shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai injin ya ɗumama. Shi yana ganin ƙasar zafi ba ta buƙatarsa, a cire a jefar, a cika lagireto da ruwan famfo. Na ƙi. Ruwan famfo ne ke cin alminiyom yana toshe lagireto da tsatsa, injin da babu tamostat kuma yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya yi ta shan fetur. Na sa aka mayar da sabo, aka zuba jan ruwan sanyaya, aka canja murfin lagireto da robar murfin bawul, don ta cikin saitin mai arahar ta riga ta bushe tana tsiyayar da mai a ramin fulogi. Har yanzu in na shiga garejin sai ya tambaye ni ko tamostat ɗina bai dafa injin ba tukuna.