Hattara da mai motar magani da takardunsa masu hatimi

Jama'ar Damagaram, don Allah ku isar da wannan ga iyayenmu da ba su riƙe waya. Akwai wani mutum da ke yawo da mota mai lasifika, yau a bakin Kasuwar Dole, gobe a Mirya ko Matamai. Gari rawaya yake sayarwa a ƙullin leda, da jiƙo a gorar ruwa, jika biyar, wai maganin suga, hawan jini, sanyin ƙashi da sikila duk a haɗe. Da ka yi masa tambaya sai ya nuna takardu uku da ya manna a gilashin mota, ya ce gwamnati ta san da shi.

Na matsa na karanta su. Ta farko rasit ne na harajin kasuwa, irin wanda mai sayar da tattasai ma yake da shi. Ta biyu katin ƙungiya ne. Ta uku lambar NAFDAC ce, kuma da ita ya fi ɗaga murya. To NAFDAC hukumar kula da abinci da magunguna ce ta Najeriya, izininta bai ƙetaro iyaka ba. Ko a can ma, lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L ba ta shaida cewa yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubutawa a kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. A Nijar, dokar magunguna ta 1997 ta haɗa da na gargajiya, izini kuwa daga hukumomin kiwon lafiya na ƙasa yake fitowa, kuma akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Babu sunan ko ɗaya a takardunsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai suga da ciwon gwiwa ta bi maganarsa. Da farko gwiwa ta saki, ci ya buɗe, har tana sa masa albarka. Daga nan fuska ta kumbura ta yi zagaye, ƙishirwa ba ta barinta, dare kuwa a hanyar bayi take kwana. Da aka kai ta likita, aka ce alamun sun yi kama da na desametazon, ƙwayar nan da wasu ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Macuta kan daka ta su cuɗa da sassaƙe. Tana kwantar da ciwo nan take, amma tana ɗaga suga da jini, tana cin ƙashi.

Ba ina sukar maganin gida ba ne. Da wanzamai da masu ɗori muka tashi, mun san ƙofar gidajensu, kuma tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ware 31 ga Agusta don maganin gargajiyar Afirka. Wannan mutum sunansu yake ɓatawa.

Wanda ya daɗe yana shan garin nan kada ya yanke shi farat ɗaya, don hakan ma na iya kayar da mutum. Ya ɗauki ragowar ya je likita a auna masa suga da jini. In kun ga motar, ku rubuta lambarta ku kai wa ƴan sanda ko ofishin kiwon lafiya na jiha.