Kafin ka yi odar faiba mai rami don kulle lesa da asetilin

Wani ƙanina da ke karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya same ni a unguwar Aboabo yana ta mita, wai lesarsa ta ƙi zama kan layin asetilin na 1542 nm, wato tsawon igiyar hasken da iskar asetilin ke shanyewa, wanda ake kulle lesa a kai don kar firikwensinta ya gusa, zai yi odar sabuwar faiba mai rami, wato zaren gilas mai rami a tsakiya da ake cika wa asetilin. Na ce ƙane, riƙe sidinka tukuna.

Ga inda matsalar take: haske in ya fito daga gilas zai shiga iska, kusan kashi 4 cikin 100 komawa baya yake. Faiba mai rami kuwa baki biyu gare ta, sai hasken ya yi ta kai da komo tsakaninsu yana ɗora ma sigina tudu da kwari. In tsawonta mita 1 ne tazarar tudun wajen 150 MHz ce, layin asetilin kuma faɗinsa kusan 500 MHz, ka ga ai a kansa suke zaune, in dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kashe AC ɗaki ya ɗau zafi sai su gusa, firikwensin lesar ya bi su.

Fara da gyara mai araha, kanekta, wato mahaɗin da ke bakin faiba. FC/APC, koren nan, an goge bakinsa a karkace digiri 8, hasken da ya dawo ba ya komawa cikin hanya. Shuɗin kuwa, bakinsa a miƙe yake, bar ma masu intanet. Kar dai ka haɗa kore da shuɗi, na taɓa yi da gaggawa, duka biyun suka karce. Ka ƙara da isoleta, mai hana haske komawa baya, a gaban lesa.

Faibar kanta, bari in ambaci iri biyu. Bandgap raminta ƙarami, wajen maikiron 10, ta fi sauƙin haɗawa da faibar gama-gari kuma tana jure lanƙwasa, amma haske na bin hanyoyi fiye da ɗaya a gefen ramin suna karo da juna. Kagome raminta ya fi faɗi, in ka danne Doppler, wato faɗin da motsin ƙwayoyin iskar ke ƙara ma layin, layin ya fi fitowa siriri, sai dai haɗa ta aiki ne. Ko wacce ce, tambayi mai sayarwa ko a karkace ya yanka bakin kafin ya liƙe.

Ni dai in ba ƙanƙanta ce dole ba, kwalbar gilas mai tagogi a karkace zan saya, wadda aka cika aka rufe tun daga kamfani. Asetilin ɗin 'yan walda na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuwa ko kusa, na kabaid ne, datti gare shi.