Vevo 2100 wajen duba bawul ɗin zuciyar ɓera: abin da take iyawa da inda take gazawa

Vevo 2100 na'urar sikanin ce mai ɗaukar hoton cikin jiki da sauti, ta kamfanin VisualSonics da ke Toronto a Kanada, an ƙera ta don ƙananan dabbobin gwaji. Tambayar da ta dame mu ita ce: idan ana zargin magani yana lalata bawul ɗin zuciyar ɓera, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, ko yana ƙara tsananta lalacewar da ke akwai, za ta iya nunawa?

Zargin yana da tushe. An janye fenfluramine daga kasuwar Amurka a 1997, pergolide a 2007, benfluorex kuma a Faransa a 2009, duk saboda bawul. Magungunan nan, ko abin da jiki ke mayar da su, suna tayar da 5-HT2B, wato wurin da sinadarin jiki mai suna serotonin ke maƙalewa a jikin ƙwayoyin halitta, sai ƙwayoyin bawul su yi ta yaɗuwa, ya yi kauri, ya kasa rufewa, jini ya riƙa komawa baya.

Kan na'urar, wato ɓangaren da ake ɗorawa a ƙirji, da ya dace da babban ɓera shi ne MS250, mai megahaz 13 zuwa 24. MS400 na ɓerayen gida ƙanana ne, ba ya kaiwa zurfin ƙirjin babban ɓera. Ana sumar da dabbar da isoflurane, a riƙe ta a kan kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari, a cire gashin ƙirji da man cire gashi, a ɗumama jel, zafin jiki ya tsaya kusa da digiri 37. Faifan da ake kwantar da dabbar yana ɗumama ta, yana kuma nuna bugun zuciya da numfashi, kuma wannan na daga cikin abin da ya fi burge mu. Zuciyar da ke bugawa sama da sau 300 a minti tana fitowa tar, Doppler mai launi, wanda ke nuna inda jini ya nufa, kuma yana kama yoyon bawul ɗin babbar jijiya ba wahala.

Bawul ɗin mitral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, shi ne ke ba da ciwon kai. Sai an hango shi daga tsinin zuciya, an karkata faifan, ga haƙarƙari da huhu suna tare hanya a tsohon ɓera mai ƙiba. Kaurin bawul kuwa, kada a dogara da na'urar: siririn abu ne ƙwarai, ma'aunin yana canzawa daga hannu zuwa hannu. Sai an yanka naman an duba da madubin ƙara girma.

Ga inda masu bincike ke faɗawa rami, kuma ba laifin na'urar ba ne. Ɓerayen gwaji irin Sprague-Dawley suna samun kaurin bawul da kansu idan sun tsufa, ba tare da an ba su komai ba. Wanda bai yi sikanin kafin fara magani ba, ko bai ajiye rukunin sa'anninsu da ba a ba su maganin ba, zai ɗora wa magani aikin shekaru. Haka xylazine, wani maganin suma: yana rage bugun zuciya sosai, wanda ke iya sauya yadda yoyo ke bayyana. A tsaya kan maganin suma ɗaya, mai awo ɗaya, kuma kada ya san rukunin da kowace dabba take.

Na'urar tana da tsada sosai, kuma sabon hannu yana buƙatar horo mai tsawo. Ɗakin gwajin da ke bin dabba ɗaya wata bayan wata zai ci moriyarta. Wanda zai duba bawul sau ɗaya a ƙarshen gwaji, gara ya kashe kuɗin a kan ƙwararren mai duba nama.