Sharhi Kan Manhajar Bibiyar Kashe Kuɗi da Gano Rajistar da Ke Sabunta Kanta

Na shafe watanni ina amfani da ɗaya daga cikin manhajojin wayar hannu da aka ƙera domin su riƙa lissafa wa mutum abin da yake kashewa, su kuma tono masa kuɗaɗen rajista da ake cira daga asusunsa lokaci bayan lokaci ba tare da ya ankara ba. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, tsarin aikinsu kuma kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa a nan zai amfani wanda yake riƙe da wata daban. Hukuncina tun daga farko shi ne, manhajar ta ƙware wajen nuna wa mutum inda kuɗinsa ke zurarewa, amma ba ta da ikon tsayar da zurarewar, kuma duk wanda ya sauke ta da zaton za ta ɗauke masa wannan ɗawainiya zai ga ba haka abin yake ba.

Da zarar an buɗe ta, takan ba da zaɓi uku na yadda za ta samu bayanai: a haɗa ta kai tsaye da asusun banki, ko a ba ta izinin karanta saƙonnin alat da ke shigowa waya, ko kuma mutum ya ɗora mata takardar bayanan asusunsa ya riƙa shigar da sauran da hannunsa. Na zaɓi hanya ta uku, kuma har yanzu ina ganin ita ce ta fi kwanciyar hankali. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, tun daga 2018 akwai dokokin da suka wajabta wa bankuna buɗe wata amintacciyar hanya da manhaja mai lasisi za ta iya duba bayanan asusu da yardar mai shi, ba tare da ta ga kalmar sirrinsa ba. A inda babu irin wannan tsari, wasu manhajojin sukan nemi mutum ya rubuta musu sunan shiga da kalmar sirrin bankinsa, wannan kuwa abu ne da ban ga wani amfani da zai kai a yi shi dominsa ba. Izinin karanta saƙonni ma yana buƙatar a yi masa tunani, domin akwatin da alat ke faɗawa shi ne dai akwatin da lambobin sirri na tabbatar da ciniki ke faɗawa.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na gano cirar da ke maimaituwa. Manhajar tana bin layukan bayanan asusu ɗaya bayan ɗaya, tana neman sunan kamfani guda da ya bayyana sau da yawa, da adadi iri ɗaya ko mai kama da juna, a tazarar lokaci da ba ta canzawa, sannan ta tattara su a shafi guda. A nawa asusun ta fito da kuɗin ma'ajiyar hotuna ta intanet, wanda na san da shi kuma ina amfana da shi, sai kuma wasu da hankalina ya daɗe da barin kansu: wata manhajar gyaran hoto da na goge daga waya tuntuni, da wata ta koyon harshe da aka fara da gwajin kyauta, da wani shafin labarai da na daina leƙawa. Batun manhajar da aka goge ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa cire manhaja daga waya ya raba su da ita ke nan. Kamfanonin Google da Apple duka sun bayyana a shafukansu na taimako cewa goge manhaja ba ya soke rajista. Yarjejeniyar tana rataye ne da asusun mutum da katin da ya saka, ba da wayar ba, saboda haka sai ya shiga sashen biyan kuɗi da rajista na Google Play, ko ya shiga saitin iPhone ya taɓa sunansa ya nemi jerin rajistocinsa, sannan ya soke ta daga can.

Wata ƙaramar dabara da masu manhajar suka saka, wadda a ganina ta fi duk zane-zanen da suka ƙawata ta da su amfani, ita ce mayar da kowace rajista zuwa lissafin shekara. Kuɗin da ake cira duk wata ba ya tayar wa mutum da hankali idan ya gan shi shi kaɗai, amma idan aka ninka shi sau 12 aka ajiye masa a gabansa, sai tambayar da yake yi wa kansa ta sauya, ya fara tunanin ko da zai yarda ya biya wannan adadi a dunƙule in da an nema daga gare shi rana ɗaya. Abin ya fi tsanani ga rajistar mako-mako, wadda manhajojin waya da dama suka koma yi: ana cirar ta sau 52 a shekara, ma'ana fiye da sau huɗu a kowane wata, alhali adadin da ake nuna wa mutum a allon sayen ya yi ƙanƙantar da ba zai sa shi ya tsaya ya yi lissafi ba. Da na ga jimillar shekara ta rajistocin da ba na amfani da su, ban ƙara kwana ba sai da na fara soke su.

Yin amfani da manhajar ya kuma sa na fahimci dalilin da irin waɗannan kuɗaɗe ke wucewa ba a gan su ba, kuma dalilin ba sakacin mai asusu ba ne kaɗai. Sunan da ke fitowa a bayanan banki sau da yawa ba shi ne sunan da mutum ya sani ba. Yakan zama sunan uwar kamfanin, ko na kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadinsa, ko gajerun haruffa da lambobi da ba sa nuna komai. Ranar cirar ma takan faɗo a tsakiyar wasu hada-hadar, alat ɗinta ya nutse cikin sauran saƙonni. Akwai kuma wani abu da ya kamata kowa ya sani game da sauya kati. Visa da Mastercard suna da tsarin da ke sabunta wa kamfanoni bayanan kati idan tsohon ya ƙare aiki ko an canza shi, matuƙar bankin mutum da kamfanin suna cikin tsarin. An yi hakan ne domin kada muhimman biyan kuɗi su katse, amma sakamakonsa shi ne wanda ya zuba ido yana jiran katinsa ya ƙare domin rajista ta mutu da kanta yana iya ganin an ci gaba da cira daga sabon katin.

Sai dai gano cirar ba ya rasa giɓi, kuma giɓin yana da girma. Da farko na ɗora mata bayanan 'yan watanni kawai, sai ta kasa ganin rajistar da ake biya sau ɗaya a shekara, domin a idonta wannan ciniki ne da aka yi sau ɗaya aka wuce. Sai da na ɗora bayanan fiye da shekara guda sannan ta gane su, kuma babu inda manhajar ta gargaɗi mai amfani da ita game da haka, alhali rajistar shekara ce ta fi nauyi kuma ita aka fi mantawa. Rajistar da ake biya da kuɗin wata ƙasa ita ma tana rikita ta, domin farashin canji na sa adadin ya bambanta daga wata zuwa wata, sai ta ɗauke su a matsayin ciniki daban-daban. A gefe guda kuma ta lissafa kuɗin haya da wani taimako da nake aikawa a kai a kai cikin jerin rajistocin da take ba da shawarar a sake dubawa, wanda ya nuna cewa tana ganin tsarin lambobi ne kawai, ba ta san ma'anarsu ba. Mafi muni shi ne, duk wata rajista da ake cira daga kuɗin kiran waya ta hannun kamfanin sadarwa ba ta bayyana ko kaɗan, tunda ba ta bi ta banki ba, kuma irin wannan cirar ce mutane suka fi shiga ba tare da sun san lokacin da suka amince ba.

Game da sokewa, tallar manhajar ta ba ni fahimtar cewa za a iya raba gari da rajista daga cikinta. Abin da na tarar shi ne maɓallin da ke kai mutum shafin kamfanin, ko ya nuna masa matakan da zai bi, sauran aikin kuwa nasa ne. Wasu kamfanonin na soke su cikin sauƙi, wasu kuma sai da na ratsa shafuka a jere, kowanne yana tambayata dalili ko yana miƙo rangwame, maɓallin ci gaba da biya an yi shi babba mai launi, na sokewa kuma an dusashe shi a can ƙasa. Ba na ɗora wa manhajar laifin wannan wahala, domin matsala ce da ta kai hukumomi sun shiga ciki. A Jamus, tun daga ranar 1 ga Yulin 2022 doka ta wajabta wa kamfanonin da ke ƙulla irin wannan yarjejeniya ta intanet su saka maɓallin sokewa a fili. A Indiya, tun daga Oktoban 2021 babban bankin ƙasar ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla sa'o'i 24 kafin a yi masa cirar da ke maimaituwa. A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 da ke cewa sokewa ta zama da sauƙi kamar shiga, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 kafin ta fara aiki gaba ɗaya. Wannan hukumar ce ta kai Amazon ƙara a 2023 kan yadda ake shigar da mutane tsarin rajistarsa mai sabunta kanta da ake kira Prime da yadda ake wahalar da su wajen fita, kuma a Satumban 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 domin a sasanta. Laifin da nake ganin manhajar ta yi shi ne barin mai saukewa ya yi zaton za ta yi abin da ba ta iyawa.

Kalandar tunatarwa kuwa tana aiki yadda ya kamata. Mutum yana saka ranar da gwajin kyauta zai ƙare ko ranar da rajista za ta sabunta, ya zaɓi kwana nawa kafin lokacin yake son a tuna masa. Ina ba da shawarar a saka tazara mai ɗan yawa, domin Apple, alal misali, yana cewa a soke gwaji aƙalla sa'o'i 24 kafin ya ƙare, kuma sanarwar da ta zo a ranar ƙarshe ba lallai ta yi amfani ba.

A ɓangaren lissafin kashe kuɗin yau da kullum, manhajar ba ta wuce matsakaiciya ba. Tana raba kashe-kashe rukuni-rukuni, amma rukunan da ta zo da su sun yi yawa, har mutum ya tsaya yana tunanin inda zai saka abu ɗaya, kuma wannan jinkirin ne ke sa a gaji da shigar da bayanai. Da na rage su zuwa 'yan kaɗan da suka dace da rayuwata, sai aikin ya yi sauƙi, rahoton ƙarshen wata ma ya fi ma'ana. Duk abin da aka saya da tsabar kuɗi sai an rubuta shi da hannu, in kuwa aka bari ya kwana biyu to an manta, lissafin watan ya fito da giɓi alhali a ido ya yi kama da cikakke. Wannan ya fi damuna fiye da rashin lissafin gaba ɗaya, domin mutum yana iya gina kasafinsa a kan adadin da bai kai gaskiya ba yana ganin ya san halin da yake ciki.

Akwai kuma batun da ya zama dole mai saukewa ya sani tun kafin ya fara: ita kanta manhajar rajista ce mai sabunta kanta. Sigar kyauta tana ba da damar bibiyar rajistoci ƙalilan ne, sauran kuwa sai an biya, kuma gwajin sigar biya yana neman a saka kati tun daga ranar farko. Ban ga aibi ba a ce masu aiki su nemi ladan aikinsu, amma na so a ce manhajar da ta ɗauki alƙawarin kare mutane daga cirar da ba su lura da ita ba ta saka kanta a kalandar tunatarwa kai tsaye, maimakon ta bar mutum ya tuna da kansa. Fitar da bayanai zuwa jadawalin da za a iya buɗewa a Excel ma an kulle shi a sigar biya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa Mint, wadda ta kasance cikin fitattun manhajojin wannan fanni, kamfanin Intuit ya rufe ta a Maris ɗin 2024, masu amfani da ita suka shiga neman inda za su kwashe lissafin shekarunsu.

Wanda yake da katuna fiye da ɗaya, ko yake yawan gwada sababbin manhajoji, ko iyalinsa ke amfani da katinsa a wayoyinsu, zai amfana da ita ƙwarai, musamman a watan farko da za ta yi masa tankaɗe da rairaya. Wanda rajistocinsa ba su wuce biyu ko uku ba, duba shafin rajista na wayarsa da karanta bayanan asusunsa duk ƙarshen wata sun ishe shi. Ni na biya sigar kuɗi na ɗan lokaci, na kammala binciken bayanan shekara, na fitar da jadawalina na adana, sannan na soke na koma ta kyauta domin kalandar tunatarwa. Zan sake biya idan masu ita suka gyara gano rajistar shekara da ta kuɗin ƙasashen waje, suka kuma samar da wurin da mutum zai shigar da abin da ake cira daga kuɗin kiransa.