Gargaɗi ga jama'ar Zango: allurar ciwon daji da ake talla a WhatsApp ba magani ba ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Aboabo, Asawase da sauran Zangon Kumasi. Don girman Allah duk wanda ke da majinyacin ciwon daji ko ciwon gaɓoɓi a gida ya karanta wannan har ƙarshe.

Akwai wani mutum mai kiran kansa dokta da ke shiga rukunan WhatsApp na adashi da na biki yana tallan wasu 'yan kwalabe, wai sabuwar allura ce daga Amurka mai tayar da garkuwar jiki ta cinye ciwon daji. Kuɗi ta MoMo, kaya ta hannun ɗan babur, ofis babu. Gwaggona da ke fama da ciwon dajin mama ta sayar da sarƙarta ta aure ta tura masa. Allah ya sa kafin a kira mai allura ɗanta ya turo min hoton kwalbar, yana cewa, "Yaya, kai da kake aikin ɗakin gwaji, duba mana." Ina gani gabana ya faɗi.

A jikinta an rubuta PD-1, ga kuma haruffa uku, RUO, wato don bincike kawai. Irin wannan kwalba na sha riƙe ta a wurin aiki. Furotin ne da ake sa ƙwayoyin halitta su ƙera a ɗakin gwaji, wani lokaci ƙwayar bakteriya E. coli, a busar da shi ya zama ɗan farin gari da ƙyar ido ke gani. Muna gwaji da shi a faranti. Ba a yi shi don jikin ɗan Adam ba.

Mayaudarin ya jingina ƙaryarsa ne da gaskiya, shi ya sa take shiga kunne. PD-1 kamar birki ne a jikin sojojin garkuwar jiki, ciwon daji kuma yakan taka birkin nan don kada a far masa. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano shi a 1992, ya kuma sami kyautar Nobel a 2018 tare da James Allison na Amurka. Daga nan aka samar da magunguna irin su Keytruda, wanda Amurka ta amince da shi a 2014. To amma maganin wani abu ne daban da ke zuwa ya toshe birkin. Abin da mutumin nan ke sayarwa kwafin birkin ne kawai, wanda muke gwada maganin a kansa. Keytruda ta jijiya ake ba da shi a asibiti, yawanci miligiram 200 duk mako 3, likita na sa ido, don yakan sa garkuwar jiki ta juyo kan huhu ko hanta. Kwalbar Gwaggo maikirogiram 50 ce. Sai an tara irinta 4,000 kafin nauyinsu ya kai na allura guda.

Masu ciwon gaɓoɓi ma bai ƙyale su ba, yana ce musu tasa daidai take da Enbrel. Shi Enbrel magani ne na gaske tun 1998, amma kafin a fara shi sai an yi wa mutum gwajin tarin fuka, don yana iya tayar da wanda ya kwanta a jiki. Wane gwaji ɗan babur zai yi?

Duk wannan in ma abin da ke ciki na gaske ne. Mu a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri muke ajiye shi, ko wuta aka ɗauke hankalinmu ba ya kwanciya. Na Gwaggo a leda ya zo, ƙanƙarar ta zama ruwa. Ba a tsabtace kayan bincike yadda ake tsabtace allurar mutane, gubar bakteriya da ta rage ciki tana iya kawo zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutumin ya ce wa Gwaggo ta daina zuwa asibiti, wai magungunan ba sa jituwa. Mako 5 ta yi ba ta je ba.

Wanda ya riga ya saya, kada ya yi allurar, kada kuma ya zubar. Ya ajiye kwalbar da saƙon MoMo da hirarsu, ya kai ofishin hukumar abinci da magunguna, FDA, ya kuma sanar da 'yan sanda. Wanda aka riga aka yi wa, ya faɗa wa likitansa ba tare da jin kunya ba. Sashen ciwon daji na asibitin Komfo Anokye yana nan Kumasi, na Accra kuma asibitin Korle Bu. Malamanmu, don Allah a ambata bayan sallar Juma'a, iyayenmu mata da yawa ba za su ga rubutun nan ba.

Lambar mutumin ta daina shiga tun ranar da na tambaye shi lambar rajistar maganin. Gwaggo ta koma asibiti ranar Litinin. A sa ta a addu'a.