Selet mai soso ko mai jakar iska: wacce ta dace da ɗan Maraɗi?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanenmu da ya dawo daga Maroko ya yi tambaya, ya ce an tashi da shi a parapant, wato lemar nan da ake shawagi da ita a sama ba inji, a Agergur kusa da Marakesh, shi da matuƙi su biyu, abin ya shiga ransa har yana shirin komawa ya yi makarantar abin, kuma ga shi an yi mishi tayin selet biyu na hannu, wato kujerar nan da ake ɗaurawa a jiki a rataya ta ga lema. Ɗaya mai soso a baya da katako a mazauni, ɗaya kuma mai jakar iska wadda ake juyawa ta koma jakar goyo. Wacce zai ɗauka, kuma yaya zai saita ta ya kula da ita in ya kawo ta gida?

Ƙanena, ni dai mai soso zan ce ka ɗauka. Ba wai mai iskar ba ta da kyau ba ne, a'a, kamfanoni irin su Advance na Suwizalan da Supair na Faransa da Gin na Koriya ta Kudu duk suna yin iri biyun kuma duk gwaji ɗaya ake yi musu. Bambancin yana wajen inda za ka yi aiki da ita da kuma matakin da kake kai yanzu.

Fara da abin da ya sa aka sa kariyar. Ba don daɗin zama ba ne, don ƙashin baya ne. In mutum ya faɗo da mazaunai, ƙarfin bugun nan ƙashin baya yake bi ya hau, shi ya sa a wajen gwaji suke ɗaura wa selet nauyi su sako ta daga sama su auna, kuma ƙarfin bugun bai kamata ya wuce 50 g ba, wato ninki 50 na nauyin abin da aka ɗaura. Mai soso tana da soso mai kauri, yawanci santimita 14 zuwa 18, a cikin riga mai riƙe iska, tun kana tsaye a ƙasa kariyarka tana nan, ko ka tashi ko ba ka tashi ba. Ita kuwa jakar iska sai iska ta shiga ta bakinta ta cika ta, kenan sai ka fara tafiya cikin iska tukuna. Sababbin suna da waya ko sifirin a ciki da ke buɗe jakar tun kafin tashi, wannan ya rage matsalar sosai, amma tsofaffin da ake sayarwa na hannu da yawa ba su da shi, a daƙiƙun farko na tashi bayanka kusan tsirara yake. To kai kuma ɗan koyo, faɗuwarka ta farko ba daga sama can za ta zo ba, a wajen gudun tashi ne da wajen sauka, mita biyu ko uku daga ƙasa.

Nan kuma Maraɗi ka san ba mu da dutsen da za a hau a sako. Parapant a duwatsun Faransa aka fara shi, a Mieussy a 1978, su gangara suke da ita, ko Ghana ma da suke bikinsu na Kwahu lokacin Ista tun 2005 daga kan dutse suke tashi. Mu daga nan har Madarunfa har Dan Isa shimfiɗa ce, in za a tashi sai dai da injin ja mai auna ƙarfin igiya, ko da paramoto mai inji a baya wanda shi selet ɗinsa daban ce gaba ɗaya, kar ka haɗa su. Don Allah kar wani ya zuga ka ku ɗaura igiya a bayan mota ko moto a ja ka, in lema ta karkace gefe igiyar ba ta saki, ƙasa za ta kai ka da ƙarfi. Abin da za ka fi yi a gida shi ne wasa da lema a ƙasa, ka ɗaga ta bisa kai ka riƙe ta ka sauke, awa da awanni, kuma a wanga aiki iska za ta ja ka a ƙasa ba sau ɗaya ba. Jakar iska a lokacin ba ta cika ba, ga shi kuma yadinta na goga ƙasa. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ko kututturen karan hatsi da aka bari bayan girbi, guda ɗaya ya isa ya tsaga ta, kuma jakar da ta tsage ba ta riƙe iska lokacin da kake buƙata. Soso ko ƙaya ta soke rigarsa bai zama banza nan take ba, sai dai a duba a gyara.

Inda mai iska ta fi, gaskiya ta fi. Ba ta da nauyi, tana naɗewa ƙarama, kuma tunda ita ce jakar goyonka ba sai ka sayi wata ba. Wanda zai hau dutse da ƙafa ko mai yawan shiga jirgi ana auna mishi kilo, shi ita ce tasa. Mai soso da girma take, in ka sa ta a jaka da lema da hular kwano, ɗan kabu-kabu sai ya kalle ka sau biyu kafin ya ce hau. Ga zafi kuma, soso a baya cikin watan Afirilu da Mayu da muke haura digiri 40 ba wasa ba ne. Amma ai a irin wannan lokacin da tsakar rana bai kamata ka buɗe lema ba ma, guguwa ke tashi ba sallama, sassafe ne ko yamma lis. Sannan mai juyawa duk rayuwarta a kan zif take, ƙurar hunturu kuwa ba abin da take ci kamar zif.

Wata ƙila ka ga hotunan masu kwance cikin doguwar selet ƙafafu a rufe, kokon suke ce mata. Cire ta daga ranka yanzu. Ta masu tafiya mai nisa ce, in lema ta murɗe ta fi saurin juya mutum, kuma fitar da ƙafa kafin sauka wani aiki ne daban da ɗan koyo bai da hankalin yi.

Kafin ka ba da kuɗɗi, ko wacce ce, nemi tambarin da aka ɗinka a jikinta. Ya nuna EN 1651, wato lambar gwajin selet na Turai, da girma, da nauyin da take ɗauka, da shekarar da aka yi ta. In an yanke tambarin ko ya goge, bar musu kayansu. Wadda ta haura shekara 10 ni ba zan ba ƙanena shawarar ya rataya ransa gare ta ba ko da kyauta ce, nailan yana tsufa ko ba a taɓa shi. Ka bi manyan ɗamarun da yatsa, musamman inda suke goga gefen katako da inda ƙugiyar da ke haɗa selet da lema ke zama, in ka ji gashi-gashi ko wuri ya yi tauri ko launi ya koɗe, rana ta ci ta. Fiddo katakon ka duba tsagewa. Kuma ka tuna Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, abin da suke kira araha can in ka juya shi jikkuna ne masu yawa, don haka gara ka sa malaminka na makarantar ya gani da idonsa tukuna.

Saiti kuwa duk ɗaya ne a su biyun, kuma ba a sama ake yin shi ba. Ka rataya ta a ƙasa, a jikin ƙarfe mai ƙwari ko reshen bedi mai kauri, ƙafarka kusa da ƙasa, ka sa duk kayan da za ka tashi da su har ruwan sha a aljihun baya. Selet kamar sirdi take, majayi in ya yi sako sirdi ya juye, in ya matse doki ya ƙi tafiya. Ɗamarun cinya ka ja su yadda tafin hannunka zai shiga a kwance, in sun yi sako bayan tashi za ka rataye ka kasa shiga mazauni. Na kafaɗa a tsaye ake daidaita su, kana jin su amma ba su danne ka ba. Na gefe su ke ba da jinginar baya, ɗan koyo ya zauna kusan a miƙe. Sai ɗamarar ƙirji, wadda ita ce mutane suka fi wasa da ita alhali ita ke canza halin lema. Ana auna tazara tsakanin ƙugiyoyi biyu, a gwajin lema suna sa kimanin santimita 40 ga marar nauyi, 44 ga matsakaici, 48 ga wanda nauyinsa da kaya ya wuce kilo 100. Ka matse da yawa ka ji kamar ka samu natsuwa amma murɗewar igiyoyi ta fi sauƙi, ka buɗe da yawa kuma kowane motsin iska sai ya wurga ka gefe. Duba littafin lemarka ka bi abin da ya ce. Igiyar ƙara gudu da ake takawa da ƙafa ita ma kar ta yi gajarta, in ba haka ba lema na cikin gudu kullum ba ka sani ba, kuma a haka ta fi saurin ruftawa.

Lemar ceto, wato wadda ke naɗe a aljihun selet ake jefawa in babbar lema ta ƙi, ita ce abin da nake so ka fi ba lokaci. Ta zama mai tambarin EN 12491 kuma daidai nauyinka, gwajin yana so saurin saukarta kar ya wuce mita 5.5 a daƙiƙa. Ba kowace ke shiga kowane aljihu ba, sai an sa ta an rataya ka ka ja hannun da kanka ka ga ta fito da hannu ɗaya ba kokawa, sannan wanda ya iya ya mayar. Ana buɗe ta a sha iska a sake naɗewa duk wata 6 zuwa shekara ɗaya gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, kuma a zafinmu robobin da ke riƙe igiyoyinta suna saurin narkewa su manne, ni zan ce ka bi wata 6. Ga wani abu da su can ba su sani ba, ƙarangiya. In hannun ceton Velcro ke riƙe shi, wato yadin nan mai ƙaiƙayi da ke mannewa, bayan wasa a fili juya ka duba, za ka tarar ƙarangiya ta cika shi fal, wani lokaci ta hana shi kamawa hannun ya yi lilo, wani lokaci ta cije shi ga yadi. Zauna ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Kuma lokacin wasa a ƙasa gara ka cire lemar ceton ka aje gida.

Ranar tashi, ƙa'idar da ba a sassautawa: cinya farko. Mutane sun mutu don sun manta ɗamarun cinya, ƙirji a ɗaure, suka tashi suka zame ta ƙasa. Shi ya sa ake yin tsarin da ƙirji ba ya rufuwa sai da ɗamarar ƙafa a haɗe, ka tabbatar wadda za ka saya tana da shi. In ka kwance abu ɗaya don fitsari ko wani uzuri, cire selet ɗin gaba ɗaya ka sake daga farko. Kuma kar ka yarda da ƙarar maɗauri kawai, yashi in ya shiga ciki zai yi "ƙas" alhali harshen bai zauna ba, ka duba maɓallan gefe biyu sun dawo waje sannan ka fizga da ƙarfi. Sai ƙugiyoyi a kulle, allurar da ke rufe aljihun lemar ceto a wurinta, hular kwano mai EN 966 a ɗaure. Bayan tashi kar ka kama selet da igiyoyin birkin lema a hannu don ka gyara zama, za ka ja birki ba ka sani ba. Kafin sauka fito daga mazauni da wuri ƙafafu ƙasa, soso ko iska ba don sauka da mazaunai aka yi su ba. Ka nisanci tabki da gulbi lokacin damina, dukansu biyu suna yawo bisa ruwa ta baya, su kifa fuskar mutum ciki.

Wajen ajiya mai soso ta fi son sarari, kar ka bar ta a danne cikin jaka wata da watanni soson ya kwanta. Mai iska kuma kar a lanƙwasa wayar bakinta, kuma ka riƙa ɗaga yadin ga haske kana neman huda. Sauran duk ɗaya: inuwa, ɗaki marar laima, bisa daga ƙasa saboda gara da ɓera, ba cikin but ɗin mota ba, ba kusa da batir ko galan ɗin man 'yan ruwa-ruwa ba. Gumi da ƙura a goge da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ban da omo da bilic, a shanya a inuwa. Maɗaurai a hure su da iska, kar a zuba musu giris ƙura ta taru. Ƙugiyoyin alminiyom suna gajiya daga ciki ido bai gani, yawancin kamfanoni suna cewa a canza bayan shekara 5 ko awa 500, wasu ƙasa da haka, tunda ba ka san tarihin na jikin ta hannu ba sayi sababbi kawai, na parapant, ba na kasuwa ba. Telolinmu da dukawanmu gwanaye ne, aljihu ko zif su gyara maka, amma ɗamarar da ke ɗauke da nauyinka in ta taɓu sai wurin masu gyaran da kamfani ya yarda da su, haka ma bayan duk faɗuwa mai ƙarfi.

Sannan kafin ka buɗe lema a kowane fili a nan, ga filin jirgin Maraɗi ga iyaka kusa ga halin tsaro da ake ciki, ka nemi izini wajen ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da hukumomin gari, ka gaida mai gona da mai gari su san da kai. In ka samu hoton tambarin selet biyun da na ɗamarunsu turo mu duba tare kafin ka biya.